Inuwa a Jikin Bango: Finafinan Jamus na Farko da Gadon da Suka Bar wa Duniya



  Batun da aka ɗora mini shi ne tarihin wani salon fim da ya ɓullo a ƙasar Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da irin tasirin da ya yi a kan finafinan duniya. Masana suna kiransa Ekspireshinizim, ni kuwa zan riƙa ce masa salon bayyana zuci. Magana ɗaya nake so in kafa, ita ce wannan: masu fim na Jamus a tsakanin 1920 da 1927 sun tabbatar wa duniya cewa hoto yana iya nuna abin da ke cikin zuciyar mutum, tsoronsa da kunyarsa da ruɗewarsa, ta hanyar sauya kamannin duniyar da ke kewaye da shi. Wannan shi ne gadonsu, kuma ya ɗore ne saboda bai tsaya a kan dabara ɗaya ba. Zan bi maganar a matakai shida.

Na farko, ƙasar da ta haifi salon.

Jamus ta fita daga yaƙin 1914 zuwa 1918 a karye. Ta rasa sojoji kusan miliyan biyu, sarkinta ya sauka daga mulki ya tsere, aka kafa jamhuriya a 1919, aka kuma ɗora mata biyan diyya mai nauyi a yarjejeniyar Versailles. Titunan Berlin sun cika da guragu da makafi da waɗanda ƙarar bama-bamai ta taɓa musu hankali. Kuɗin ƙasar ya yi ta zubewa, har a watan Nuwamba na 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. To, ta yaya sana'ar fim za ta bunƙasa a irin wannan hali? Amsar tana cikin yaƙin kansa. A 1916 gwamnati ta hana shigo da finafinan waje, sai kamfanonin gida suka samu kasuwa su kaɗai, suka yawaita. A watan Disamba na 1917, da ƙarfafawar Janar Erich Ludendorff da kuɗin gwamnati da na bankin Deutsche Bank, aka kafa babban kamfanin UFA, da niyyar farfaganda tun farko. Da yaƙi ya ƙare, faɗuwar kuɗi ta zama riba ga masu fim: a shirya fim da mak mai arha, a sayar wa ƙasashen waje da kuɗi mai daraja. Sai dai kasuwar waje tana hannun Amurka, kuma ƙasashen da aka yi yaƙi da su ba su son ganin kayan Jamus. Dole Jamusawa su nemi wani abu da ba wanda yake da irinsa.

Wannan abu kuwa yana nan a gidansu, a wajen masu zane da masu wasan dandamali. Tun 1905 wasu matasa a birnin Dresden, cikinsu har da Ernst Ludwig Kirchner, suka kafa ƙungiyar masu zane mai suna Die Brücke. A 1911 wata ta taso a Munich, wadda Wassily Kandinsky da Franz Marc suka jagoranta. Ra'ayinsu shi ne aikin mai zane ya fito da abin da ya ji a ransa game da abin da ya gani, ko da hakan zai sa ya karkatar da gini, ya tsawaita fuska, ya shafa wa sama launin jini. A dandamali kuma akwai Max Reinhardt, shugaban gidan wasa na Deutsches Theater a Berlin, wanda ya shahara wajen sassaƙa fili da haske, ya haska ɗan wasa ɗaya ya bar saura cikin duhu. A hannunsa Paul Wegener da Werner Krauss da Conrad Veidt da Emil Jannings da F. W. Murnau suka yi aiki. Ku riƙe waɗannan sunaye, domin za mu sake haɗuwa da akasarinsu. Saboda haka abubuwa uku ne suka haɗu: al'umma mai rauni a zuci, fasaha da ta riga ta nuna, da 'yan kasuwa masu neman hajar da za ta bambanta.

Na biyu, fim ɗin da ya buɗe ƙofa.

A ranar 26 ga Fabrairu 1920, a gidan silima na Marmorhaus da ke Berlin, aka fara nuna Das Cabinet des Dr. Caligari. Kamfanin Decla na Erich Pommer ne ya shirya shi, Robert Wiene ya ba da umarni, Hans Janowitz da Carl Mayer suka rubuta labarin. Fim ne marar magana, kamar sauran na zamaninsa. Wani tsoho mai suna Caligari ya zo filin baje koli na garin Holstenwall da wani saurayi, Cesare, wanda yake ajiye da shi cikin akwati yana barci. Da rana yana tashe shi ya yi wa 'yan kallo duba, da dare ya aike shi kisa alhali bai farka ba. Wani matashi, Francis, ya bi sawun tsohon har asibitin masu taɓin hankali, sai ya tarar ashe shi ne shugaban asibitin.

Labarin kaɗai ba zai sa mu taru a nan bayan shekara ɗari ba. Ku dubi garin da aka gina masa. Masu zane uku, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, sun ɗauki yadi da takarda da fenti suka ƙera gari a cikin sutudiyo, babu bango ɗaya da ya tsaya daidai. Gidaje sun sunkuyo kan titi kamar za su faɗo wa mai wucewa, tagogi masu tsini, hanyoyi suna lanƙwasa suna ƙarewa a inda ba a zata ba. Haske da inuwa ma zana su aka yi da fenti a ƙasa da jikin bango. Idan Caligari ya je neman izini wajen magatakardan gari, za ku ga magatakardan zaune a kan kujera mai tsawon da ya wuce hankali, yana leƙo mai buƙata daga sama. Shin akwai buƙatar wani ya gaya mana yadda talaka yake jin kansa a gaban hukuma? Kujerar ta faɗa. Sa'an nan ku dubi Conrad Veidt a matsayin Cesare, siriri cikin baƙaƙen kaya matsattsu, an zagaye idanunsa da baƙi. Kyamara ta matso fuskarsa, fatar idonsa tana rawa a hankali kafin ya buɗe, kuma idan zai fita farauta yana bin jikin bango da hannu a miƙe har ya zama kamar ɗaya daga cikin layukan da aka zana. Ɗan wasa da gini sun zama abu guda.

A ƙarshe sai fim ɗin ya juya: ashe Francis mai ba mu labari majinyaci ne a asibitin, wanda yake kira Caligari kuwa likitansa ne. Ke nan karkataccen garin da muka yi ta kallo, cikin kan Francis muke tun farko. Masu sauraro, a nan sabon abu yake. Jamusawa ba su ne suka fara fim ɗin almara ba, domin Georges Méliès na Faransa ya kai mutane duniyar wata a fim tun 1902. Amma shi yana nuna mana wuri ne na al'ajabi da jarumai suka je. Caligari ya mai da dukan abin da ido ke gani ya zama halin da zuciya take ciki. Kowa a nan ya san yaron da aka bari shi kaɗai a ɗaki da dare, fitilar aci-bal-bal tana kaɗawa, rigar da aka rataye a ƙusa ta zame masa dodo. Rigar ba ta sauya ba, amma wanda yake so ya nuna mana daren wannan yaro da gaskiya, dodon zai nuna. Haka waɗannan masu fim suka yi. Fim ɗin ya isa New York a 1921, ya isa Paris, inda aka daɗe ana tururuwar kallonsa duk da ƙiyayyar da yaƙi ya bari.

Na uku, yadda salon ya tashi daga fenti ya koma haske da motsi.

Da a ce salon ya tsaya a kan bangon takarda, da ya mutu cikin shekara biyu. An gwada maimaita shi: Wiene da kansa ya yi Genuine a 1920, Karlheinz Martin ya yi Von morgens bis mitternachts a shekarar, ba su samu karɓuwa irin ta farko ba. Wanda ya nuna hanyar gaba shi ne Murnau da fim ɗinsa Nosferatu na 1922. Ya fita daga sutudiyo ya ɗauki hoto a garuruwan Wismar da Lübeck da kuma fadar Orava a ƙasar da yau ake kira Slovakiya. Gine-ginen na gaske ne, tekun na gaske ne, amma shi da mai ɗaukar hotonsa Fritz Arno Wagner sun zaɓi kusurwa da haske ta yadda gaskiyar kanta ta zama abin tsoro. Max Schreck ya fito a matsayin Orlok, mai shan jini, da kai ƙwal da kunnuwa masu tsini da zaƙo-zaƙon farata. Jirgin ruwa ya shigo tasha babu mai rai a cikinsa, ɓeraye suka sauko, annoba ta shiga gari, aka yi ta jera akwatunan gawa a titi. Ku tuna masu kallon nan ba su daɗe da fita daga annobar mura ta 1918 ba. Wurin da ya fi shahara a fim ɗin kuwa, ba a nuna Orlok ba sam. Inuwarsa ce take hawa matakala, yatsunta suna miƙewa zuwa ƙofa, sa'an nan inuwar hannun ta sauka a ƙirjin matar da ke kan gado ta damƙe, matar ta gantsare don zafi. Ba jini, ba wuƙa, fitila ce da bango. Saura ƙiris mu rasa wannan fim, domin an ɗauko labarin daga littafin Dracula na Bram Stoker ba da izini ba, matar marubucin ta kai ƙara, kotu ta yi umarni a 1925 a lalata kwafe-kwafensa. Wasu suka tsira a ƙasashen waje.

Mataki na gaba ya zo a 1924 da Der letzte Mann, wato Mutumin Ƙarshe, wanda Murnau ya ba da umarni, Carl Mayer ya rubuta, Karl Freund ya ɗauki hoto. Babu dodo a cikinsa. Emil Jannings ne tsohon mai tsaron ƙofar wani babban otal, wanda duk mutuncinsa a unguwa ya rataya a kan doguwar rigar aikinsa mai maɓallai masu walƙiya. Da tsufa ya kama shi aka karɓe rigar, aka mai da shi mai kula da banɗaki. Freund ya kwance kyamara daga kan ƙafafunta: ta sauko cikin lif, ta ratsa zauren otal zuwa ƙofa, kuma a wurin da tsohon ya bugu sai ɗakin ya yi ta juyawa da mu. Lokacin da ya saci rigar yana gudu da dare, ya waiwaya, sai ginin otal ɗin ya sunkuyo kamar zai danne shi. Kusan duk fim ɗin ba rubutun bayani a allo, amma ba wanda zai kalla ya kasa gane kunyar wannan dattijo. Kun ga ke nan abin da fenti ya yi a 1920, inuwa ta yi a 1922, motsin kyamara ya yi a 1924. Kayan aiki suna sauyawa, manufa tana nan.

Ƙarshen zangon shi ne Metropolis na Fritz Lang, wanda matarsa Thea von Harbou ta rubuta, aka fara nunawa ranar 10 ga Janairu 1927. Birni ne mai hawa biyu, masu dukiya a sama cikin lambuna, ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa suna tafiya sahu-sahu, kawuna a sunkuye. Ɗan mai birnin ya ga babban inji ya fashe, sai injin ya rikiɗe a idonsa ya zama gunki mai buɗaɗɗen baki ana tura masa mutane. Fim ɗin ya ci kusan mak miliyan biyar, bai mai da kuɗinsa ba, aka daddatse shi, har sai a 2008 aka gano kwafi mai kusan cika a wani gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina. Kafin fitarsa ma iska ta riga ta juya. Da aka daidaita kuɗin Jamus a ƙarshen 1923, arhar da ke taimakon masu fim ta ƙare. A 1925 UFA ta ci bashin dala miliyan huɗu daga kamfanonin Paramount da MGM na Amurka, a 1927 kuma ta faɗa hannun Alfred Hugenberg, attajiri mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa. Masu kallo su ma sun koma son finafinan da ke nuna talaucin titi ƙiri-ƙiri, irin na G. W. Pabst.

Na huɗu, yadda gadon ya ƙetare teku.

Salon fasaha ba ya tafiya da ƙafarsa, mutane ne suke ɗaukarsa. Ayarin farko kuɗi ne ya ja su. Murnau ya tafi kamfanin Fox ya yi Sunrise a 1927, wanda ya samu lambar yabo a bikin Oscar na farko a 1929, bikin da Jannings ya zama gwarzon jarumi na farko. Carl Laemmle, mai kamfanin Universal, shi kansa haifaffen Jamus ne, ya ɗauko Paul Leni, wanda ya yi The Man Who Laughs a 1928 da Conrad Veidt, kuma fuskar Veidt mai dariyar dole tana cikin abubuwan da aka duba wajen ƙirƙiro Joker, abokin gabar Batman. Karl Freund ya ɗauki hoton Dracula a 1931, ya ba da umarnin The Mummy a 1932. Wanda ya kalli Frankenstein na 1931, ya ga karkatattun bangaye da halittar da ke tafiya sanƙarau, zai gane jinin Cesare. A Ingila kuma, wani matashi mai suna Alfred Hitchcock ya yi aiki a sutudiyon UFA na Babelsberg a 1924, ya tsaya ya kalli Murnau yana aiki. A fim ɗinsa The Lodger na 1927, don ya nuna fargabar masu gida da ke jin takun baƙonsu a bene, sai ya sa aka yi rufin ɗakin da gilashi, muka ga tafin takalman mutumin yana kai da komo a kan kawunansu.

Ayari na biyu gudun tsira suka yi. Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka kori Yahudawa daga sana'ar fim, aka hana nuna sabon fim ɗin Lang, Das Testament des Dr. Mabuse. Lang da Pommer da Billy Wilder da Robert Siodmak da Peter Lorre da ɗaruruwan ma'aikata suka bar ƙasar. A shekarun 1940 sai ga wani nau'in fim na laifi ya cika Hollywood: titi jiƙe da ruwan sama, inuwar labulen taga ta yanka fuskar jarumi kamar sandunan kurkuku, mutum yana nutsewa cikin ƙaddarar da ya jawo wa kansa. Wilder ya yi Double Indemnity a 1944, Lang ya yi Scarlet Street a 1945, Siodmak ya yi The Killers a 1946, shekarar da masu sharhi na Faransa suka raɗa wa nau'in suna fim nuwar. Daga nan zaren bai yanke ba: birnin Blade Runner na 1982 jikan Metropolis ne, Tim Burton ya sa wa wani mugu suna Max Shreck a Batman Returns na 1992, an kuma sake yin Nosferatu a 1979 da 2024.

Akwai wata hanya da ta fi kusa da mu, ita ce ta Indiya. Masu fim na Indiya, Himanshu Rai da Devika Rani, sun yi aiki da Jamusawa, kuma da suka kafa Bombay Talkies a 1934 sun zo da darakta Franz Osten da mai ɗaukar hoto Josef Wirsching daga Munich. Wirsching ya zauna a Indiya har rasuwarsa a 1967. Shi ya ɗauki hoton Mahal na 1949, wanda Ashok Kumar da Madhubala suka fito: tsohon gida cikin duhu, lilo yana kaɗawa ba kowa a kai, mace riƙe da kyandir tana ɓacewa a lungu. Wannan fim ya zama abin koyi ga finafinan Indiya na fatalwa da sake dawowa duniya. Mu kuwa mun san irin gurbin da finafinan Indiya suka samu a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos tun wajajen shekarun 1950. Ashe ke nan wani ɓangare na hasken da idon mai kallo Bahaushe ya saba da shi, tushensa yana sutudiyon Jamus.

Na biyar, abin da masu ja za su ce.

Wani zai ce: ai talauci ne kawai, fenti ya fi gini arha, wutar lantarki kuma tana ƙaranci bayan yaƙi. Gaskiya ne arha ta taimaka wajen shawo kan masu kuɗi. Amma ɗaruruwan finafinai aka yi a Jamus a wannan hali, me ya sa ba su fito da karkatattun gidaje ba? Kuma da kuɗi suka samu, a Faust na Murnau na 1926 da Metropolis, me ya sa ba a watsar da salon ba, sai ma aka kashe dukiya wajen ƙarfafa shi? Rashi yana taƙaita zaɓi, amma ba ya zaɓa wa mutum.

Wani kuma zai ce an zuzuta lamarin. Finafinan da suka bi salon tsantsa ba su da yawa, akasarin abin da Jamusawa suke kallo barkwanci ne da labaran 'yan sanda da na tarihi. Fim ɗin Jamus da ya fara cin kasuwar Amurka ma Madame Dubarry ne na Ernst Lubitsch, labarin fadar Faransa. Lang da kansa ya ƙi a jingina shi ga salon. Finafinan laifi na Amurka kuma suna da wasu iyaye: littattafan Dashiell Hammett da Raymond Chandler da James M. Cain, da finafinan Faransa na shekarun 1930. Na yarda da duk wannan, kuma bai kamata a mai da kowace inuwa a fim ta zama ta Jamus ba. Sai dai ba a auna tasiri da yawan finafinai. Ana auna shi da abin da ya shiga hannun masu sana'a ya zama ɗabi'a. Littafin Cain ya ba Wilder labarin Double Indemnity, amma bai gaya masa inda zai ajiye fitila ba.

Ja mafi nauyi shi ne na Siegfried Kracauer, a littafinsa From Caligari to Hitler na 1947. A ganinsa waɗannan finafinai sun tona wata ɓoyayyar sha'awa a zukatan Jamusawa ta miƙa wuya ga azzalumi. Ya dogara da labarin Janowitz cewa su marubuta sun nufi tona asirin hukumar da ke aika matasa kisa, sai aka ƙara ƙarshen da ya mai da mai ƙorafi mahaukaci, aka wanke hukuma. Maganar tana da ƙarfi, domin Caligari da Orlok da Mabuse, mugun fim ɗin Lang, duk masu juya wasu ne kamar waina. Amma tana da rauni uku. Kwafin rubutun asali da ke hannun Werner Krauss ya bayyana bayan rasuwarsa, aka ga tun farko Francis ne yake ba da labarin bayan shekaru, ko da yake ba a matsayin majinyaci ba, wanda ya nuna labarin Janowitz bai cika daidai ba. Sa'an nan wanda ya san ƙarshen tarihi yana iya ganin alamarsa a ko'ina. Na uku, ku dubi makomar mutanen. Krauss, wanda ya fito a Caligari, ya yi wasa a Jud Süß na 1940, fim ɗin ƙiyayya ga Yahudawa. Veidt, wanda ya fito a Cesare, ya bar Jamus a 1933 da matarsa Bayahudiya. Harbou ta shiga jam'iyyar Nazi, Lang ya yi hijira. Carl Mayer ya rasu a Landan a 1944 cikin talauci, Wiene a Paris a 1938. A 1937 kuma 'yan Nazi suka baje zane-zanen wannan salo a Munich don a yi musu ba'a a matsayin lalatacciyar fasaha. Fim ɗaya ya fitar da mai goyon baya da mai gudun hijira, to ta yaya za a ce salon ne ya share wa Hitler hanya? Na fi gamsuwa da masana irin su Anton Kaes, wanda a 2009 ya nuna cewa finafinan suna waiwayen yaƙin da ya wuce ne. Saurayin da aka aika kisa yana barci, da likitan da ke yanke hukuncin wane ne mai hankali, abubuwa ne da sojojin 1918 suka sani a jikinsu.

Na shida, abin da ya rage mana.

Wani zai iya tambaya: karkatar da duniya ba ƙarya ba ce? Amsata ita ce, gaskiyar ɗan Adam hawa biyu ce, akwai abin da ya faru, akwai yadda ya ji shi. Kowane mai ba da labari yana iya faɗin na farko, amma fim yana da ikon nuna na biyu, kuma Jamusawan nan ne suka fara riƙe wannan iko da gangan, suka gina fim sukutum a kansa. Lang ya nuna cewa hawa biyun suna haɗuwa a fim ɗinsa M na 1931, inda birnin Berlin yake kamar na gaske, amma inuwar mai kisan yara ce take fara faɗowa a kan takardar cigiyarsa kafin mu ga fuskarsa. Ga 'yan'uwana masu shirya finafinai, ba ina kira a kwaikwayi karkatattun gidajen 1920 ba ne, waɗanda suka gwada haka a lokacin ma ba su kai labari ba. Kiran shi ne a yi wa kowace fitowa tambayar da su Murnau suka yi: idan aka kashe sauti, me ɗakin nan yake faɗa game da wanda ke cikinsa? Ina fitila take, kuma me ya sa? Wane tsayi kujerar mai iko take da shi a kan ta mai roƙo? Al'adarmu ta ginu a kan kunya da kawaici, inda abu mafi nauyi a zuci shi ne wanda ba a furtawa. Mai fim da ya iya sa haske da fili su yi magana zai nuna wannan nauyi ba tare da ya tilasta wa jaruminsa faɗin abin da Bahaushe ba zai faɗa da bakinsa ba. Wannan ilimi ba ya buƙatar miliyoyi, yana buƙatar nazari, kuma akasarin finafinan da na ambata an gyara su, ana samunsu a intanet. Ina roƙon ɗalibanmu su zauna su kalle su da alƙalami a hannu.

  Yanzu fili naku ne: wanda yake da tambaya, ko gyara, ko ja a kan abin da na faɗa, bismillah.